Yadda Ake Raba Lambun Gida da Ciyawa, Mataki-Mataki

Tun da damina ta kankama tambayar yadda za a raba lambu da ciyawa take ta dawowa ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce ya nome lambun bayan gidansa ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin ya sake yin kore shar. Wata ta ce ciyawar aya-aya ta fi albasarta yawa a fangali. Wasu kuma kai tsaye suke tambaya: wane magani za a fesa ciyawa ta mutu, shuka ta tsira? Amsar wannan ta ƙarshen gajeriya ce. A lambun da aka haɗa tumatir da kuɓewa da alayyafo da rama wuri guda, babu maganin da zai kashe duk ciyawar ya bar su duka lafiya. Abin da ke aiki shi ne bin tsari, da sanin inda ran kowace ciyawa yake. Wata ranta a iri yake, wata kuma a saiwa, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Ga yadda aikin yake tun daga farko.

Mataki na 1: Zagaya ka gane abin da ya fito

Kafin ka taɓa fartanya, zagaya lambun da safe ka tuge ciyawa ɗaya-ɗaya daga kowane nau'i, ka duba gindinta.

Idan ta fito da sauƙi, saiwarta sirara ce kamar zare, to mai iri ce. Shekara guda take yi, ta zuba iri, ta mutu. A nan ƙarangiya take, da harƙiya, da guɗe-guɗe, da tuji, da tsidau, da kashin yawo, da rukuɓu, da nonon kurciya. Waɗannan ba su da wuyar kisa. Wuyarsu yawan 'ya'ya: gindin rukuɓu ɗaya da aka bari ya ƙosa yana iya zubar da iri dubbai, kuma irin yakan kwanta a ƙasa shekaru yana jiran ruwa da haske.

Idan kuwa ka ja ganyen ya tsinke a hannunka, gindin ya zauna daram, to ka haɗu da mai saiwa. Uku ne suka fi addabar lambunan gida a ƙasar Hausa. Aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, tana da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a ƙasa waɗanda siraran jijiyoyi suka sarƙe da juna. In kana shakka, murza karanta tsakanin yatsu biyu, za ka ji kusurwa uku gare shi. Tofa tana da farar saiwa mai tsini da ke tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, har takan huda rogo ko dankali ta wuce. Kiri-kiri kuwa sama da ƙasa take yaɗo, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa.

Akwai wasu biyu da ke tsakiya: balasana da fasa-ƙaba. Jikinsu ruwa ne, don haka in ka sare su ka bar su a kan ƙasa mai laima, sai su sake kamawa.

Ba duk abin da ya fito da kansa ne abokin gaba ba. Lalo, tafasa, gasaya, yaɗiya da rukuɓu duk abin miya ne ko na kwaɗo, uwargida ma za ta fi ka sanin darajarsu. In kana so, ware musu kusurwa guda, amma da sharaɗin a riƙa tsinkar su kafin su yi iri.

*Gargaɗi:* In ka ga zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, shi za ka fara cirewa kafin komai. Guba ne ga yara da dabbobi, ganyensa da irinsa duka. Idan kuma ka shuka masara ko dawa ka ga wata siririyar ciyawa mai fure ja-ja a gindinsu, wuta-wuta ce, wadda ake kira ƙuduji. Ita daga saiwar shukar take tsotsa. Tuge ta kafin furen ya zama iri, ka ƙona. Irinta kamar ƙura yake, yana wuce shekara 10 a ƙasa da ransa.

Mataki na 2: Kayan aiki da abin da za su ci

Lambun gida ba ya buƙatar kaya masu yawa. Fartanya biyu: babba ta kaftu, da ƙarama mai siririn baki ta shiga tsakanin shuka. Adda ko lauje na sassabe. Diga ko cebur mai yatsu na tonon saiwa. Manjagara. Tsohon buhu ko baro na kwasa. Safar hannu mai kauri da takalmin roba mai tsawo. Sai tsohuwar wuƙar kicin da ta daina aiki, wadda babu kamarta wajen zaƙulo ciyawa daga gindin albasa da karas.

Fartanyar maƙeri ta fi ta kanti araha, kuma in ta dakushe ko ƙotarta ta karye, a kasuwar da ka saya za a gyara maka. Abin dubawa wurin saye shi ne ƙotar ta zauna a hannunka, bakin kuma ya ɗauki wasawa. Fartanya dakusassa tura ciyawa take yi, ba yanka ba, ga gajiyar banza.

Babban kuɗin ba a kayan yake ba, a ƙwadago yake. In za ka ɗauki mai aiki, sassabe da kwashe ka ba da su jinga, sun dace da haka. Amma tonon aya-aya da tofa kada ka ba da jinga. Mai jinga sauri yake ya gama ya karɓi kuɗinsa, zai share saman ya yi fes, saiwar na nan a ƙasa, bayan kwana goma ka sake biyan wani. Wannan aikin a biya shi da yini, kuma ka tsaya a wurin ka ga abin da ke shiga buhu.

Injin feshi na goyo ba ya cikin kayan dole. Za mu zo kansa a ƙarshe, inda ya dace da shi.

Mataki na 3: Sassabe

Idan wurin ya daɗe ba a taɓa ba, ciyawa ta kai gwiwa ko ƙugu, fara da sare ta ƙasa-ƙasa da adda. Waɗanda suka riga suka yi iri, irin su ƙarangiya da kashin yawo, kada ka yi ta dukansu da adda, watsa irin kake yi. Riƙe kan da hannu mai safa, yanke shi, jefa a buhu, sannan ka sare sauran. Tattara da manjagara ka fitar, don ka ga fuskar ƙasar.

*Gargaɗi:* Ciyawa mai duhu gidan maciji ne da kunama, musamman gindin katanga da ƙarƙashin tarin bulo ko itace. Sa takalmin roba, ka riƙa kaɗa ciyawar da doguwar sanda kafin ka taka, kuma kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, a kai mutum asibiti nan take, ban da tsagawa, ban da ɗaure wurin tamau.

Cinna wa wurin wuta a tsakiyar gidaje ba dabara ba ce. Ban da haɗarin gobara da hayaƙin da za ka ɗura wa maƙwabta, wuta ba ta kai wa ga saiwa. Tofa ma bayan an ƙona take fitowa da ƙarfinta.

Mataki na 4: Tonon masu saiwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, shi ya sa lambunsu ba ya jin noma.

Lokacinsa na ainihi rani ne, musamman Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa babu ruwa. Dalili kuwa ƙwayar aya-aya da saiwar tofa suna jure sara, suna jure binnewa, amma ba sa jure bushewa. In ƙasar ta yi tauri, ɗan jiƙa ta da yamma don diga ta shiga, washegari ka tona. Zurfin santimita 25 zuwa 30 ya isa ga mafi yawan aya-aya da kiri-kiri, don akasarin ƙwayoyin a santimita 15 na sama suke. Tofa takan nutsa fiye da haka, sai ka bi ta har inda ta tsaya.

Yadda za ka yi: ɗauki wuri kaɗan, kamar taku biyu da taku biyu. Caka diga ko cebur mai yatsu, ɗago ƙasar a dunƙule, farfasa ta da hannu ko bayan fartanya, ka tsince. Idan ka sami ƙwayar aya-aya, kada ka fizge ta. Bi jijiyar a hankali, za ta kai ka ga ta biyu, ta biyun ta kai ka ga ta uku. Da ka tsinke jijiyar, ƙwayoyin da suke kwance ba su tsiro ba sai su farka, kowace ta fito da nata kai. Wannan ne dalilin da ya sa mutum ke nome aya-aya ɗari ya tarar da ɗari uku. A fangalin da za a sa albasa ko karas, ya cancanci a tankaɗe ƙasar da rariyar magina, irin wadda ake tace yashi da ita.

Bayan ka tsince abin da ido ya gani, bar ƙasar a birkice, kada ka baje ta, kada ka ba ta ruwa. Bayan mako guda ko kwana goma ka sake juya ta, na ƙasa ya hau sama ya sha tasa ranar. Yi haka sau biyu ko uku kafin ruwan farko.

*Gargaɗi:* Kada ka daddatse saiwar tofa ko kiri-kiri da fartanya ka bar gutsattsarin a ƙasa. Duk guntun da ke da gaɓa sabuwar shuka ce. Haka nan kada ka sa ƙaramin injin huɗa mai juyawa a wurin da suke da yawa a lokacin damina, dashe kake yi musu.

To, in damina ta riga ta same ka da shuka a ƙasa fa? Tono mai zurfi ba zai yiwu ba, sai yunwatarwa. Duk ganyen da aya-aya ta fitar daga abincin ƙwayar ta ciro shi, kuma sai ta yi ganye biyar ko shida take fara mayar da abin da ta kashe da ƙulla sababbin ƙwayoyi. Saboda haka kada ka bar ta ta kai nan. Duk kwana goma zuwa mako biyu ka bi ta da wuƙa, ka yanke ta ƙasa da fuskar ƙasa. Ba za ta ƙare a damina ɗaya ba, kada wani ya ruɗe ka, amma za ta ragu ƙwarai, ragowar ka gama da su da rani. Wani rauninta kuma inuwa. Inda ta yi katutu, shuka dankalin Hausa ko kabewa ko wake mai yaɗo su rufe wurin, ka kai albasa wani fangalin.

Mataki na 5: Sa irin ciyawa ya tsiro kafin naka

An gama da saiwa, saura irin da ke kwance a ƙasa. Gyara fangali ko kunya kamar yau za ka yi shuka: zuba taki, baje, daidaita. Sai ka ba shi ruwa sosai, ka ƙi shuka komai. Cikin kwana 7 zuwa 14 ciyawa za ta fito tsit-tsit. Da hantsi, ranar da babu hadari, ka goge ta da bakin fartanya sama-sama, zurfin bai wuce santimita 2 ba. Rana za ta ƙarasa sauran. In ba ka cikin gaggawa, maimaita sau ɗaya. Sannan ka yi shukarka ba tare da sake juya ƙasar ba.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ga wurin ya yi tsaf sai a ce bari a ƙara kaftu don ƙasa ta yi laushi. Da ka juya ta, ka ɗago sabon iri daga ƙasa, aikin mako biyu ya tafi a banza.

Mai halin sayen leda yana da wata hanyar da bazara. A jiƙa fangalin sharkaf, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a ciki yana dafa irin ciyawar da ke sama-sama, har da wasu cututtukan ƙasa. Don gadon renon tumatir da tattasai tana da kyau ƙwarai. Sai dai aya-aya takan huda ledar ta fito, don haka wannan ba ya maye gurbin tono.

Mataki na 6: Noma bayan shuka ta fito

Makonni shida na farko su ne masu hukunci. Shukar da ta sha gasa da ciyawa tana ƙarama ba ta cika murmurewa ba ko da an nome daga baya. A gona ana noman farko, a yi maimai, a huta. Lambu ba haka yake ba, saboda ana ba shi ruwa kullum, ciyawa ma kullum tana samu. Gara minti ashirin sau biyu a mako da yini guda cur a wata.

Ka shuka a layi, ko da alayyafo ne. Wanda ya watsa iri barkatai ya rufe wa fartanya hanya, sai tsinka da yatsu. Kuma layi ne ke nuna maka wane ne naka lokacin da karas da ciyawa duk suke kama da juna.

Aiki biyu ne a nan, kowanne da lokacinsa. Tsakanin layuka, fartanya, kuma a kan busasshiyar ƙasa da safe, don ciyawar da aka yanke ta yini a rana ta mutu. In ka nome da yamma sannan ka yi ban ruwa, ko ka nome hadari na haɗuwa, rabinta za ta tashi. Cikin layi kuwa, kusa da gindin shuka, hannu ne, kuma bayan ban ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushi saiwa ke fitowa gaba ɗaya. Dafe gindin shukarka da yatsun hannu ɗaya, ka ja ciyawar da ɗayan, ka mayar da ƙasar da ta ɗago. Idan ciyawar ta riga ta girma har saiwarta ta cakuɗe da ta shukar, kada ka ja. Yanke ta da wuƙa daidai wuyanta. Tuji musamman, in ya ƙosa, da ƙasa guda yake fitowa.

*Gargaɗi:* Albasa, tafarnuwa, latas da barkono saiwarsu a sama take. Fartanya mai zurfi kusa da su tana yanke ta, washegari ka ga shuka ta yi yaushi ka ɗauka cuta ce. Bar tazarar faɗin tafin hannu daga gindi. Masara, kuɓewa da tumatir kuwa suna son a tara musu ƙasa a gindi lokacin noma na biyu, abin da ke binne ƙananan ciyayin da ke wurin.

Idan aiki ya yi maka yawa har ciyawa ta fi ƙarfinka, ga abin da za ka fifita: bi ka tsinke duk kan da ya fara fure, ko da ba ka tuge gindin ba. Ka ceci baɗi, sauran ka bi su a hankali.

Mataki na 7: Inda za a kai abin da aka cire

Kashi uku za ka yi. Ɗanyar ciyawa da ba ta yi iri ba, a ba awaki ko zomaye, harƙiya ma abinci ce mai kyau a gare su, ko a zuba a ramin takin gargajiya. Wadda ta yi iri, da wuta-wuta, da zaƙami, a busar a ƙona a cikin tsohon gwangwani ko rami, nesa da danni da rumbu. Saiwar tofa da kiri-kiri da ƙwayar aya-aya da balasana da fasa-ƙaba, a shanya su kan siminti ko tsohon kwano har su bushe ƙayau, sannan a ƙona.

Kada waɗannan na ƙarshen su shiga ramin taki. Sai tarin taki ya ɗauki zafin digiri 55 zuwa 60 na kwanaki yake kashe iri da saiwa, ƙaramin ramin gida kuwa da wuya ya kai haka. Fasa-ƙaba har bayan an tuge ta tana ƙarasa nunar da irinta, don haka kada a jibge ta a gefen fangali a ce gobe a kwashe.

Mataki na 8: Rufe ƙasar

Ƙasar da aka bari tsirara sai ta sami abin da zai rufe ta, in ba ka zaɓa mata ba ta zaɓa da kanta. Da zarar dashe ya kama, ko shuka ta kai tsawon tafin hannu, nome tsaf, yi ban ruwa, sannan ka shimfiɗa abin rufi mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen mangwaro ko na darbejiya, tattakar shinkafa, karan gero da aka daddatse, tsohon bunun ɗaki, duk suna yi. Buntu a wurin masu casar shinkafa kusan kuɗin ɗauko shi kawai za ka biya. A hanyoyin da ke tsakanin fangula, shimfiɗa kwali tukuna, ka cire salatif ɗin jikinsa, sannan ka zuba buntu ko garin katako a kai. Ribar biyu ce, domin ban ruwa ma zai ragu.

*Gargaɗi:* Kada abin rufin ya taɓa karan shuka, bar ɗan zobe fili a gindi, in ba haka ba ruɓa za ta kama shi da damina. Inda gara ta yi yawa, ka guji kara da kwali kusa da shuka, ka yi amfani da buntu ko ganyen darbejiya, ka riƙa ɗagawa kana dubawa. Garin katako a sama kawai ake barin sa. In ka cakuɗa shi da ƙasa, yana riƙe sinadarin da ke sa ganye kore yayin da yake ruɓewa, sai shuka ta yi rawaya. Kuma busasshiyar ciyawar daji da aka yanko da kaka cike take da iri, ba abin rufi ba ce.

Taki ma ƙofa ce. Kashin awaki da tumaki da shanu ɗanye yana ɗauke da irin duk abin da suka ci a kiwo. A tara shi, a jiƙa, a riƙa juyawa, ya yi wata biyu ko uku ya ruɓe kafin ya shiga fangali. Yashi ko ƙasar da aka kawo a tifa daga fadama kuma a duba ta, ta nan aya-aya ke shiga gidajen da ba su taɓa saninta ba.

Mataki na 9: Itatuwan da ba a gayyata ba

Tsuntsaye da jemagu ne ke shuka darbejiya a gindin katanga, da cediya ko durumi a tsagar bango. Tun suna ƙanana, bayan ruwan sama, hannu ɗaya ke fitar da su. In sun yi kauri, sarewa kawai ba ta isa, darbejiya tohowa take da rassa da yawa. Haƙa zagaye da kututturen, datse saiwoyin gefe, ka tura shi ya faɗi. Wanda ke jikin bango ko kusa da sokawe a cire shi da wuri, kafin saiwar ta buɗe tsagar.

Tumfafiya saiwarta doguwa ce, sai an bi ta ƙasa sosai. Farin ruwanta kuma yana yi wa ido mummunar illa. Sa safa da tabarau, in ya fantsama a wanke da ruwa mai yawa, a je asibiti.

Kauci a kan goba, lemo ko mangwaro ba a fizge shi, domin ya riga ya kafu a cikin reshen. A sare reshen gaba ɗaya, ƙasa da inda ya kama da kamar santimita 30.

Ciyawar da ke fitowa a tsagar siminti ko tsakanin intalok, tafasasshen ruwa ya ishe ta. Gishiri da baƙin mai kuwa kada su kusanci lambu. Suna kashe ciyawa, suna kashe ƙasar tare da ita.

Mataki na 10: Magani, in ya zama dole

Ra'ayina, a cikin fangalin ganyen da za a tsinka a yi miya da shi a makon nan, magani ba shi da wuri. Inda yake da amfani shi ne filin da tofa ko kiri-kiri suka mamaye kafin a fara lambu, ko bayan katanga, ko kututturen da ya ƙi mutuwa.

Wanda ya dace da wannan aikin shi ne gilaifoset. A jikin galan za ka ga an rubuta Glyphosate, ko da sunan kasuwarsa Roundup ne ko Force Up ko wani. Ta ganye yake shiga ya gangara saiwa, saboda haka a kan ciyawa mai kore, mai girma ake fesa shi, ba wadda aka sare jiya ba, ba wadda fari ya dafa ba. In ka yi sassabe, jira ta toho ta kai tsawon tafin hannu ko fiye.

Lissafin kuɗin shi ne ke nuna ko ya cancanta. Mai ƙarfin giram 360 a lita, ana sa kusan lita 4 a hekta guda don ciyawa mai saiwa. Ke nan fili mai ƙafa 50 da 100 bai cinye mililita (mil) 200 ba, lambu mai mita 10 da 10 kuwa mil 40 ne kacal. Sayen lita guda da injin goyo saboda wannan asara ce, ga ragowar guba da za ta zauna a gida. Ari inji, ko ka haɗa kuɗi da maƙwabta, ko ka kira mai feshi ka tsaya ka ga galan ɗin da ya zuba daga ciki. Awon da aka saba shi ne mil 10 zuwa 20 a kowace litar ruwa, amma abin da ke rubuce a jikin galan ɗinka shi ne hukunci. Auna da sirinji, ba da cokalin kicin ba.

Ruwan haɗin ya zama garai. Ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin maganin tun a cikin inji. Fesa da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, kuma babu alamar ruwa na aƙalla awa 6. Sannan haƙuri: sai bayan kwana 7 zuwa 14 za ka ga ta yi rawaya. Kada ka sare, kada ka tona, kada ka ƙara wani feshin a kwana na uku don ka ga ba ta mutu ba. Aya-aya takan buƙaci zagaye na biyu, domin ƙwayar da ba ta tsiro ba maganin bai same ta ba. Idan tofa ɗaya ce a tsakiyar shuka, ɗaura soso a sanda, tsoma, ka shafa wa ganyenta. Kututture kuma a shafa masa nan take bayan sara, kafin fuskar ta bushe.

*Gargaɗi:* Maganin ciyawa na farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, masu shago kan yabe shi saboda yana ƙona ciyawa a yini guda. Ganyen kawai yake ƙonawa, saiwar na nan. Kurɓi kaɗan yana kashe mutum, ba shi da makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya. Kada ya shiga gidanka. Atrazine maganin ciyawar gonar masara ne, yana daɗewa a ƙasa ya hana kayan lambu fitowa. Shi kuwa maganin ciyawa na 2,4-D ko tururinsa ya isa ya murɗe ganyen tumatir da kuɓewa, naka da na maƙwabci, kuma injin da aka taɓa zuba shi kada a fesa wa kayan lambu maganin ƙwari da shi.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba, safar roba da takunkumi. Ban da ci, ban da sha, ban da goro har sai ya yi wanka. A kulle kaji da awaki, a hana yara wurin har ganyen ya bushe, ciyawar da aka fesa kuma ba a ba dabba, lalo ko tafasar da ke cikinta ba a ci. Ragowar maganin ya zauna a galan ɗinsa na asali, a ɗaki mai kwaɗo, ba a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa ba. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin injin, a huda gindinsa don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa a ciki.